Gherghina da 'Yar Injiniya Varlan

Gherghina Bulancea ta shigo Braila tana 'yar shekara goma sha bakwai, a bayan motar kankana, da akwatin katako guda da wasiƙar da malamin makarantar ƙauyensu ya rubuta mata. A shekarar 1970 ke nan. A lokacin in ka tsaya a bakin kogin Danube da safe jiniya biyar za ka ji, kowace masana'anta da tata, har yaran gari suna rarrabe su da kunne. Wadda ta ɗauke ta aiki ita ce mai ƙera sarƙa da anga, ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, can ƙasa da tashar jirage, inda kogin ya ɗan lanƙwasa. Tana da dogon suna a rubuce a saman ƙofa, amma kowa Sarƙa yake ce mata.

Tsintsiya aka fara ba ta. Wata bakwai tana share ɓarɓashin ƙarfe a babban zauren aiki, rabin lokacin kanta a sama, tana kallon injin ɗaga kaya da ke zirga-zirga a kan dogo a ƙarƙashin rufi. Direbansa yana zaune cikin wani ɗan akurkin ƙarfe, tsoho ne, ido ya soma gudunsa. Ranar da ya kusa sauke sarƙa a kan shugaban ma'aikata, Gherghina ta jingine tsintsiya ta ce a gwada ta. Maza suka yi dariya. Ta tattare siket ta hau tsanin har ƙarshe ba ta dubi ƙasa ba. Aka tura ta kwas, ta dawo, ta zauna a akurkin nan shekara talatin, in ka cire biyu.

Hannunta ya faɗa ƙwarai. Maƙera kan ajiye kofin shayi a ƙasa, ta sauke angar tan biyar dab da shi, shayin ko motsi bai yi ba. A nan ta haɗu da mijinta Panait, mai hura wutar narka ƙarfe. Aka ba su ɗaki biyu a hawa na huɗu na wani dogon bene, suka haifi ɗa guda, wanda yanzu yake aikin gini a Sifen.

An rufe Sarƙa a 2002. Bayan shekara biyu ciwon huhu ya ɗauke Panait. Gherghina ta bi sahun matan garin zuwa Italiya, ta yi shekara huɗu tana jinyar wata tsohuwa a Padova, har tsohuwar ta rasu. Ta dawo gida da Italiyanci a baki da ciwon gwiwa, ta samu ɗan benci a bakin kogi tana sayar da soyayyun 'ya'yan kabewa.

Zagayawa da baƙi ba shirinta ba ne. Wata rana jirgin 'yan yawon buɗe ido ya tsaya, wata mata mai lema ja ta jero su tana yi musu bayanin gidajen attajiran Girka na da. Wani dattijo ɗan Italiya ya nuna dogayen bututun hayaƙi da ke can ƙasa ya ce mene ne wancan. Mai lema ta ce ba komai, kangaye ne kawai.

Gherghina ta tofar da ɓawon da ke bakinta, ta ce da Italiyanci, “Kangayen nan su suka ɗaure rabin jiragen da ke kogin nan. In kana da ƙafa, zo in nuna maka.”

Ashe dattijon maƙeri ne shi ma a garinsu. Ya bi ta, suka yi awa uku, da ƙyar ya samu jirginsa. Daga nan labari ya bazu. Masu otal suka riƙa turo mata duk baƙon da ya gaji da coci da gidan tarihi. Ba ta da lasisi, ba ta da lema, kuma duk wanda ya cika tambayar inda za a sha kofi sai ta sallame shi a hanya.

A watan Satumba na 2016 aka turo mata wata mace doguwa, mai kimanin shekara talatin da biyar, da jakar goyo da takalmin gudu. Ta ce sunanta Smaranda, daga Kanada take, amma a nan aka haife ta, tana 'yar shekara tara iyayenta suka tafi da ita. Harshenta irin na yara ne, kalmomi masu tsafta, sai ta tsaya ta laluba kafin ta samo wata. Tanti take ce wa Gherghina, wato inna.

“Tanti Gherghina, an ce ke kika san ɓangaren masana'antu.”

“Na san shi. Kin karya?”

“Na sha kofi.”

“Kofi ba abinci ba ne. Taho.”

Ta saya mata zoben burodi mai riɗi da zafinsa, suka kama hanya. Titunan Braila daga kogi suke tashi su yi baka su koma kogi, don haka Gherghina ba ta damu da baƙo ya ɓace mata ba. Ta bi da ita ta tsohuwar unguwa, inda gidajen attajirai suke tsaye, wasu an yi musu fenti, wasu bishiya ta tsiro a kan rufinsu. Ba ta ɓata lokaci a nan ba. Ta nuna mata babban injin niƙan alkama, hawa shida na jan bulo, tantabaru na shiga da fita ta tagogi. Ta nuna mata gidan cin abincin ma'aikata, wanda yanzu ake ɗaura biki a ciki.

“A nan muke cin wake ranar Litinin, wake ranar Laraba, ranar Juma'a kuma abin da ya rage na waken.”

Smaranda ta yi dariya, ta ce ta tuna warin wurin. Ta tuna kuma wani shago mai sayar da alawa a kusurwa. Gherghina ta ce yana nan, amma yanzu akwatin gawa ake sayarwa, shi ne cinikin da bai taɓa tsayawa ba a garin.

Suna jiran taragon lantarki ne baƙuwar ta ciro waya ta nuna mata wani tsohon hoto. Mutum ne siriri da tabarau, da farar rigar aiki, yana tsaye a ƙofar babban zauren Sarƙa da nannaɗaɗɗiyar takarda a hammata.

“Babana ke nan. Injiniya ne a can. Octav Varlan. Ko kin san shi?”

Gherghina ta karɓi wayar ta nisanta ta daga idonta, ta daɗe tana kallo. Shekara ashirin da biyar rabonta da fuskar nan, amma har yadda yake tura tabarau da ɗan yatsa ta tuna.

“Na san shi,” ta ce, ta miƙa mata wayar. “Yana raye?”

“Yana raye, amma hankalinsa ya tafi. Yana gidan kula da tsofaffi. Ni ma wani lokacin ba ya gane ni. Ba shi da zance sai na masana'antar nan. Shi ya sa na zo, in ɗauko masa hotonta ya gani.”

Tarago ya iso, suka shiga. Gherghina, wadda ta saba yi wa baƙi surutu tun daga tasha har tasha, ta zauna jikin taga tana kallon waje. Tunani biyu ne suke ja mata. Tana iya nuna wa yarinyar bango da bututu, ta ce Allah ya ba mahaifinki lafiya, su rabu lafiya. Yarinyar ba ta yi mata komai ba. Amma a ƙofar Sarƙa akwai mai gadi, kuma ba a shiga sai ta gabansa, shi kuwa bakinsa ba ya da linzami. Kafin su kai tasha ta ƙarshe ta yanke cewa gara yarinyar ta ji daga bakinta.

Mai gadin shi ne Zamfir Cojan, tsoho mai shekara saba'in, da ƙafar roba daga gwiwar hagu zuwa ƙasa. Kamfanin da ya sayi filin ya ajiye shi don ya kori masu satar ƙarfe, ko da yake ƙarfen da za a sata ya riga ya ƙare. Ya mayar da filin ajiye motocin manyan ma'aikata lambu, tumatir da barkono da albasa, yana da karnuka uku da ba sa yi wa kowa haushi.

Yana hango su ya ɗaga murya. “Ga mayya ta sake kawo baƙi su kalli talaucinmu!”

“Buɗe ƙofa, tsohon banza. Wannan tumatir ɗin naka ne, ko ƙurajen fuskarka ne suka zubo?”

“Ki ci ki gani. Ya fi wannan tsakuwar da kike sayar wa mutane a bakin kogi.” Ya juya ga Smaranda ya cire hula. “Sannu da zuwa, 'yata. Daga ina?”

“Nea Zamfir,” Gherghina ta ce, yadda ake kiran dattijo a garin, “wannan 'yar Injiniya Varlan ce.”

Zamfir ya tsaya da makulli a hannu. Ya dubi Gherghina, ya dubi baƙuwar tun daga takalmi har kai.

“Haba,” ya ce a hankali. “Ai kuwa ga haɓar nan tasa.” Ya buɗe ƙofar. “Ku shiga. Ni ma yau zan raka ku.”

Suka ratsa tsakar masana'antar. Ciyawa ta fasa siminti, dogon jirgin da ke kai kaya bakin ruwa ya nutse cikin ƙasa, shamuwa ta yi sheƙa a kan bututu mafi gajarta. Smaranda tana ta ɗaukar hoto. Babban zauren kuwa yana nan tsaye, faɗinsa ya kai filin ƙwallo, babu komai a ciki sai haske da ke saukowa ta gilasan rufi. An yanke injin ɗaga kayan tuntuni an sayar, sai dogonsa a sama da tsanin da ke manne da bango.

Gherghina ta kai su tsakiyar zauren ta tsaya.

“A can sama nake zama. A nan inda kike tsaye Zamfir yake aiki, shi ke rataya kaya a ƙugiya. Zan gaya miki wani abu, 'yata, don kin yi doguwar tafiya, kuma ba na so ki ji shi a bakin wani.”

Ta faɗa mata ba tare da ɗaga murya ba. A hunturun 1986 igiyar wayar injin ta soma tsinkewa zare-zare. Ta rubuta wa Injiniya Varlan takarda, don shi ne mai kula da injinan zauren. Ta sake rubutawa. Ta uku da hannunta ta kai masa ofis. Ya ce ya nemi sabuwa daga Bukarest, babban birnin ƙasar, ba a aiko ba, kuma akwai sarƙar da dole a gama kafin ƙarshen wata, ta lallaɓa. Ta lallaɓa har kwana goma sha ɗaya. A rana ta sha biyu igiyar ta tsinke da anga a rataye.

“Ƙafata tana ƙarƙashi,” in ji Zamfir. Ya ƙwanƙwasa robar da sandarsa. “Saura kaɗan ya zama kaina, to da an huta da ni.”

Kwamitin bincike ya zo. Takardun nan uku ba a gan su ba. Rahoto ya ce direba ce ta fizgi kaya da ganganci, injiniya ya sa hannu. Aka sauko da Gherghina aka mayar mata da tsintsiya, aka kira sunanta a gaban taron ma'aikata, aka manna hotonta a allon masu sakaci da ke bakin ƙofa. Shekara biyu tana shara, matan unguwa suna nuna ta a layin burodi. Da aka rasa wanda zai iya aikin kamarta aka sake hawar da ita, ba wanda ya ce mata yi haƙuri.

Smaranda ta sauke wayar. Fuskarta ta yi ja har wuya.

“Bai taɓa faɗa mana ba. Ko mamata...” Ta juya ga Gherghina. “Babana ya yi miki ƙarya ke nan.”

“Ya yi.”

“Tsaya, 'yata,” Zamfir ya ce. “Ba shi kaɗai ba. Ina kwance a asibiti suka kawo mini takardar. Suka ce in laifin direba ne, hatsarin aiki ne, za a ba ni fansho da ƙafa. In kuwa na ce igiya ce, to ni ma na ga igiyar na rataya kaya, laifina ne. 'Ya'yana uku a lokacin. Na sa hannu. Na fi ubanki sanin yadda igiyar take, kullum a hannuna take.”

“Shekara shida ban yi masa magana ba,” in ji Gherghina.

“Bakwai.”

“Shida. Ta bakwai ɗin kai ne kake ɓuya in ka hango ni.”

Smaranda ta dubi wannan ta dubi wancan. “To yaya aka yi kuka...”

Gherghina ta ɗaga kafaɗa. Ta ce ranar jana'izar matar Zamfir ta je, don matar ƙawarta ce, ta tarar babu mai dafa wa masu makoki abinci, ta shiga kicin. Daga nan magana ta dawo, ba su taɓa zama sun tattauna ba.

“Amma ubanki,” ta ce, “kada ki ɗauka dodo ne. Matsoraci ne, kamar yawancinmu a lokacin. Da ya faɗi gaskiya gidan yari za a kai shi, ke kuma kina 'yar shekara huɗu. Na san wannan. Sanin bai sa na yafe ba, amma na sani. Kuma ɗaga kanki ki dubi rufin nan. Shi ya zana shi bayan girgizar ƙasa ta saba'in da bakwai. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya taɓa shi, ko ɗigo ba ya yi.”

Rana ta take, Zamfir ya ce ba a jin irin wannan magana da yunwa. Ya kai su ɗakin gadinsa, ya ɗora tukunyar miyar kifi mai tsami da ya dafa tun safe, ya yanka tuwon masara da zare, ya daka tafarnuwa. Smaranda ta ci kaɗan, daga baya ta ci da yawa. Ta ba su labarin cewa mahaifinta bai sake aikin injiniya ba tun da suka tafi, takardunsa ba su yi amfani a can ba. Shekara ashirin yana jera kwalaye a rumbun wani kantin kayan gini. Zamfir ya ce ai da ya zauna, da yanzu suna gadi tare.

Da za su tashi Smaranda ta tsaya tana juya wayar a hannu.

“Tanti, in kina da abin da za ki faɗa masa, zan ɗauka in kai masa. Ko me ne ne. Ban sani ba ko zai gane.”

Gherghina ta ce ba ta da abin faɗa. Suka fito har bakin lambu, sai ta ce a koma zauren. Ta tsaya a gindin tsani, ta gyara ɗankwali, ta dubi wayar kamar mai tsayuwa gaban shugaba.

“Kwamared Injiniya, Bulancea ce, ta injin ɗaga kaya. Igiyar nan ta lalace, sau uku na gaya maka. Ga Cojan nan, yana nan da ransa, bakinsa ma ya ƙaru. Rufinka yana nan bai zuba ba. 'Yarka tana da hankali. Shi ke nan, kashe.”

Ta raka ta har otal, ta hanyar bakin ruwa, tana nuna mata inda ake loda sarƙa a jirgi da inda mata ke jiran mazajensu ranar albashi don kada su biya ta mashaya. A ƙofar otal Smaranda ta rungume ta. Gherghina ta bubbuga bayanta sau biyu, ta ce ta riƙa karyawa da safe.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo ta hannun masu otal. Smaranda ta ce ta nuna wa mahaifinta hotunan. Bai gane Gherghina ba, bai gane Zamfir ba, amma yana ganin zauren ya miƙe zaune ya soma lissafa ginshiƙansa. Da ya ji maganar igiya sai ya kama hannun 'yarsa ya ce ta buga waya Bukarest ta tambaya ko an aiko, ya daɗe yana jira. Gherghina ta karanta wa Zamfir wasiƙar a bakin ƙofa. Ya ce, “To, ko ba komai ya nema ɗin.” Ita kuwa ta ninke takardar ta sa a aljihu. Varlan ya rasu da bazara.

A 2018 aka rushe Sarƙa aka gina babban kanti da filin ajiye motoci. Sati uku masu rushewa suka yi suna fama da zauren. Zamfir ya kwashe karnukansa ya koma gidan 'yarsa a wani ƙauye da ke hayin kogi.

Gherghina ba ta daina karɓar baƙi ba, sai dai gwiwa ta sa ta rage zagayen. Takan kai su filin motocin ta tsaya kusa da inda ake jera kekunan sayayya, ta nuna sama da yatsa ta ce a can take zama, baƙi su ɗaga kai su kalli sarari. Wasu sukan ɗauki hoto. Lahadi biyu a wata kuwa ba ta karɓar kowa. Takan shiga jirgin fito da kwanon dafaffen kabeji a cikin jaka, ta haye wurin Zamfir, su wuni a gindin inabi suna musu a kan wanda ya fi wani tsufa, har 'yarsa ta leƙo ta ce jirgin ƙarfe biyar ya kusa tashi.